Yadda Baƙin Ma'aikatan Gidajen Abinci na Birnin Niyok Suka Nemi Hakkinsu

Kowa ya san ci-rani. Mutum ya kan bar garinsu bayan an kau da amfanin gona, ya tafi inda ba a san asalinsa ba, ya yi dako ko ga-ruwa ko yankan farce, ya tara abin da Allah ya ba shi, ya komo gida kafin ruwa ya sauka. Kowa kuma ya san abin da masu iya magana su ke faɗi, wai baƙo ko da idonsa makaho ne. Bai san farashi ba, bai san doka ba, bai kuma san ƙofar alƙali ba. To, akwai wani ci-rani mai nisa wanda a ke ƙetare teku dominsa, sau da yawa kuwa wanda ya tafi ba ya komowa. Labarin da za mu bayar a nan na irin waɗannan baƙi ne a birnin Niyok ta ƙasar Amurka, watau masu dafa abinci, da masu wanke kwanuka, da masu hidimar tebur a otel-otel da gidajen sayar da abinci. Za mu bi sawunsu tun daga 1912, mu ga cutar da aka yi musu, da barazanar da aka yi wa waɗanda suka tashi haɗa kansu, da kuma dokokin da aka kafa da kaɗan da kaɗan don a tsare su.

Abin da ya kai baƙi kicin

Niyok a bakin teku ta ke, ita ce kuwa babbar ƙofar shiga Amurka daga ƙasashen Turai. Kusa da ita akwai wani ɗan tsibiri da a ke kira Ellis, a da nan a ke sauke baƙi a duba lafiyarsu da takardunsu. Daga 1892 zuwa 1954 mutum wajen miliyan 12 suka bi ta wannan tsibiri. Da aka yi ƙidaya cikin 1910 sai aka tarar cikin kowane mutum goma na birnin, huɗu a wata ƙasa aka haife su. Wanda ya sauka daga jirgi jiya, ba ya jin Ingilishi, ba shi da jari, ba shi da dangi, ina zai dosa? Sai kicin. Wankin tukunya ba ya bukatar harshe, ko ba kome kuma mutum ya sami abin da zai sa a baka. Da haka manyan otel-otel na birnin suka cika da Jamusawa da Faransawa da Italiyawa da mutanen Girka da sauran kabilun Turai.

Masu cin abinci suna zaune a babban zaure mai fitilu da madubai, amma kicin yana can ƙarƙashin ƙasa, ba iska, ga zafin murhu. A kan yi aiki awa goma sha biyu ko fiye, kwana bakwai a mako. Albashin masu hidimar tebur ɗan kaɗan ne, wai don suna samun tukuici daga hannun masu cin abinci, gama al'adar ƙasar ke nan. Sa'an nan ga tara. In cokali ya kuɓuce wa mutum ya faɗi, a ci shi tara. In ya makara, ko an gan shi yana hira da abokin aikinsa, nan ma tara. Ranar biya sai a zare duk wannan daga ɗan abin da zai karɓa. Wanda ya ɗaga murya a nuna masa ƙofa, don akwai waɗansu ɗari a bakin jirgi suna jiran gurbinsa. Abin da ya ƙara ɗaure su shi ne bambancin harshe. Bajamushe ba ya jin maganar Ba'italiye, shi kuma ba ya jin ta mutumin Girka, ta yaya za su yi shawara?

Usur na otel ɗin Belmont

Jam'iyyar ma'aikata, wadda yanzu aka fi sani da ƙungiyar ƙwadago, ita ce taron masu sana'a ɗaya waɗanda suka yarda su yi magana da baki ɗaya, su zaɓi wakilai su je su yi ciniki da mai gida a kan albashi da lokacin aiki. Tun 1891 akwai irin wannan jam'iyya ta ma'aikatan otel da gidajen abinci a Amurka, amma ba ta damu da baƙi sababbin zuwa ba, balle masu wanke kwanuka. Saboda haka waɗansu ma'aikatan Niyok suka kafa tasu sabuwa, suka ce ƙofarta a buɗe ta ke ga kowa, daga babban kuku har yaron da ke kwashe faranti.

Ran 1 ga watan Mayu ma'aikata su kan yi jerin gwano a titi, don ranar bikinsu ce. Cikin 1912 waɗansu masu hidimar tebur na wani babban otel mai suna Belmont suka shiga jerin, sai aka kore su daga aiki. Ran 7 ga watan, da dare, zaure ya cika, an fara kai abinci, sai wani ya busa usur. Nan take mutum wajen 150 suka ajiye abin da ke hannunsu suka fita titi, suka bar manyan mutane zaune gaban miya tana hucewa. Ba da daɗewa ba wutar ta kama Waldorf-Astoria da Plaza da sauran manyan wurare. An ƙiyasta sa'ad da yajin ya kai ƙarfinsa ya taɓa otel 54 da gidan abinci 30, masu hidimar tebur 2,500 da kuku 1,000 da sauran ma'aikata 3,000 sun bar aiki.

Abin da suka nema ba mai yawa ba ne: hutun kwana ɗaya a mako, da albashin da bai gaza dala 10 a mako ba ga mai hidimar tebur, a soke tara, a riƙa ba su abinci mai kyau, a kuma yarda da jam'iyyarsu. Waɗansu masu otel suka ce sun ji, za su ƙara kuɗi su bar cin tara, amma maganar jam'iyya kam a bar ta. Sun san ƙarin da aka yi wa mutum shi kaɗai ana iya janye shi gobe, alkawarin da aka rubuta da jam'iyya kuwa ba ya janyuwa da sauƙi. Suka ɗauko 'yan makarantar jami'a, da baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar waɗanda a da can ba a ko yarda su yi hidima a irin waɗannan zauruka, suka sa su a gurbin masu yaji. Suka yi hayar ƙarti masu gadi, 'yan sanda kuma suka yi ta duka da kamu a bakin ƙofofi. Yunwa ta ci ƙarfin masu yaji, wajen ƙarshen watan Yuni suka koma aiki. Waɗanda suka shugabanci abin kuwa aka rarraba sunayensu ga masu otel, kada kowa ya ɗauke su. Cikin Janairu 1913 aka sake tashi, wannan karo da taimakon wata mace mai kaifin baki, Elizabeth Gurley Flynn, da abokin aikinta Joseph Ettor, ɗan Italiyawa, amma nan ma bukata ba ta biya ba.

Gudun gara

Ran 23 ga Janairu 1934, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi aiki ya yi wuya, masu otel ɗin Waldorf-Astoria suka kori wani kuku ɗan jam'iyya. Ma'aikata ɗaruruwa suka fita daidai lokacin abincin dare, yajin ya bazu zuwa otel-otel da yawa. Magajin garin na wannan zamani, Fiorello La Guardia, ɗan baƙi ne shi kansa, ya kuwa taɓa yin tafinta a tsibirin Ellis. Ya shiga tsakani aka sasanta, amma masu otel ba su yarda da jam'iyya ba har yanzu.

Ana wata ga wata. A daidai waɗannan shekaru wani gawurtaccen mugu, Dutch Schultz, wanda ya yi kuɗi da fasa-ƙwaurin giya sa'ad da aka hana sayar da ita a Amurka, ya hango akwai abin ci a gidajen abinci. Yaransa suka kutsa cikin rassa biyu na tsohuwar jam'iyyar ma'aikata da ƙarfin tsiya, suka mallake shugabancinsu. Suka kuma kafa wata jam'iyya ta bogi, wai ta masu gidajen abinci. Sai su je wa mai gida su ce ma'aikatansa za su yi yaji su nemi ninkin albashi, amma in ya shiga jam'iyyarsu ya biya kuɗi, ba abin da zai faru. In ya ƙi, a jefa masa wani magani mai ɗoyi a zaure, wanda ke kama tebura da labule har sai an sake su. Kuɗin da ma'aikata ke tarawa ya tafi aljihun miyagu, albashinsu bai ƙaru ba, ba kuwa mai ƙarfin halin tambayar lissafi a taro. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abokan ta'asarsa suka harbe Schultz cikin Oktoba 1935, cikin 1937 kuma wani lauyan gwamnati, Thomas Dewey, ya gurfanar da waɗanda suka rage gaban shari'a aka ɗaure su. Daga nan ma'aikata suka gane jam'iyyar da ba a zaɓen shugabanninta a fili, ba a kuma karanta lissafinta a gaban kowa, tana iya zama wani mai gida na biyu.

Doka ta fara shiga

Robert Wagner, wakilin jihar Niyok a majalisar dattawa, a Jamus aka haife shi, yana yaro iyayensa suka kawo shi. Shi ya kawo dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu ran 5 ga Yuli 1935. Dokar ta ce ma'aikata suna da ikon kafa jam'iyya su yi ciniki tare, laifi ne kuma mai gida ya kori mutum ko ya tsorata shi saboda haka. Aka kafa hukuma mai shirya ƙuri'a a wurin aiki, in mafi yawan ma'aikata sun zaɓi jam'iyya, tilas mai gida ya zauna da ita. Da fari hukumar ba ta kula da otel-otel ba, sai jihar Niyok ta yi tata doka irin wannan cikin 1937. Cikin 1938 jam'iyyun otel na birnin suka haɗu ƙarƙashin majalisa ɗaya, cikin Janairu 1939 kuma suka sa hannu da taron masu otel a kan yarjejeniya ta fari. Abin da masu usur suka nema ya samu bayan shekara kusan 27.

Amma fa manyan otel-otel daban, ƙananan gidajen abinci daban. Cikin 1938 aka yi dokar mafi ƙarancin lada, senti 25 a awa, dala ɗaya kuwa senti 100 ce, sai aka bar ma'aikatan gidajen abinci a waje. Ba a shigar da su ba sai 1966, shi ma da sharaɗi, watau mai gida yana iya lissafa tukuici ya zama rabin ladan. Cikin 1991 rabon mai gida ya kai dala 2 da senti 13 a awa, cikin 1996 majalisa ta tsai da shi a nan, har 2025 ta kama bai motsa ba a dokar tarayya, ko da ya ke Niyok da waɗansu jihohi sun ɗaga nasu sama da haka nesa. Doka ta ce in tukuici bai cike mafi ƙarancin lada ba, mai gida ya cika. To, littafin lissafin a hannun wa ya ke? A hannun mai gida.

Sababbin baƙi

Cikin 1965 Amurka ta sake dokar shigowar baƙi, ta soke tsarin da ya fifita mutanen arewacin Turai. Jikokin Jamusawa da Italiyawa sun riga sun yi makaranta sun bar kicin, sai Sinawa da mutanen Meksiko da Ekwado da Bangaladash da Afirka ta Yamma suka gaje su. Sau da yawa yanzu mai gidan shi ma baƙo ne, kabilarsu ɗaya da ma'aikatansa. Ya kan ce musu ai duk 'yan'uwa ne, kada a kai maganar gida waje, wanda ya kai ƙara kuwa a ce ya tona asirin dangi.

A da a unguwar Sinawa akwai wani babban gidan abinci mai suna Silver Palace. Cikin 1980 masu shi suka nemi ƙara rabon da manajoji ke ɗiba daga tukuicin masu hidima, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka ƙi aka kore su. Da taimakon wata ƙungiyar ma'aikatan Sinawa, wadda wani mai suna Wing Lam yana cikin waɗanda suka kafa ta, suka tsaya a bakin ƙofa da alluna suna roƙon jama'a kada su shiga. Suka ci nasara, suka kafa jam'iyya tasu ta kansu suka sa mata suna 318, watau ran 18 ga wata na uku. Ita ce ta fari a gidajen abincin unguwar. Cikin Agusta 1993 masu gidan suka rufe wa 'yan jam'iyya ƙofa don sun ƙi yarda a rage musu hakki. Wata bakwai suna tsaye a titi, har cikin hunturu mai ƙanƙara, kafin a mai da su aiki cikin Maris 1994.

Cikin 1995 rigima ta koma Jing Fong, wanda a lokacin ya fi kowane gidan abinci na unguwar girma. An zargi masu shi da biyan abin da bai kai dala ɗaya a awa ba, da kuma ɗibar tukuici. Masu gidajen abinci suka haɗa kai, aka lilliƙa takardu a bango ana zagin Wing Lam, wai shi ke son kashe kasuwar Sinawa. Ma'aikacin da aka gani cikin masu alluna ya san da wuya ya sake samun aiki a unguwar, ga shi ba ya jin Ingilishi balle ya nema a wani wuri. 'Yan makaranta suka yi yajin cin abinci a ƙofar gidan don su ja hankalin hukuma. Cikin 1997 babban lauyan jihar ya kai ƙara, masu gidan suka yarda su biya ma'aikata 58 dala miliyan 1 da dubu 100.

Takarda ta zama makami

Da yawa cikin sababbin baƙin nan ba su da takardar iznin zama a ƙasar. Mai gida ya kan san haka tun ran da ya ɗauke su, ya kau da kai saboda arha. Sai ran da suka ce za su kafa jam'iyya sa'an nan ya tuna da ofishin shige da fice. Wannan barazana ta fi kowace nauyi, gama wanda aka kora daga aiki ya nemi wani, wanda aka kora daga ƙasa kuwa an raba shi da matarsa da 'ya'yansa.

Wani kamfanin jima a birnin Shikago, Sure-Tan, ya yi haka. Ma'aikatansa suka zaɓi jam'iyya, mai kamfanin ya rubuta wa ofishin shige da fice, aka kwashe mutum biyar 'yan Meksiko. Cikin 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce marar takarda ma ma'aikaci ne a idon dokar Wagner, kai ƙararsa don ramuwa kuwa laifi ne. Cikin 1986 aka yi wata doka wadda ta ba mutum wajen miliyan 2 da dubu 700 takardar zama, amma ta hana ɗaukar marar izni aiki. Masu gida aka yi niyyar horo da ita, sai ta zama sanda a hannunsu, don duk ran da suka ga dama su ce kowa ya kawo takardunsa a duba.

Cikin 1999 ma'aikatan wani otel na Holiday Inn Express a birnin Minneapolis suka zaɓi jam'iyyar otel da gidajen abinci. Ana shirin fara ciniki sai manaja ya kira ofishin shige da fice, aka kama 'yan Meksiko takwas masu gyaran ɗakuna. Jam'iyya ta yi belinsu, mutanen gari suka tsaya musu, hukumomin gwamnati suka bi kadi, otel ɗin ya biya dala 72,000. Cikin Fabrairu 2000 babbar tarayyar jam'iyyun ma'aikatan Amurka, AFL-CIO, wadda ta goyi bayan horon da ke cikin dokar 1986, ta sake ra'ayi ta nemi a ba marasa takarda izni. Ta gane muddin akwai wanda za a cuta bai iya magana ba, ladan kowa ke faɗuwa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Wani kamfanin roba a jihar Kalifoniya, Hoffman, ya kori wani ɗan Meksiko cikin 1989 don yana taimakon jam'iyya. Hukuma ta ce a biya shi dala 66,951, ladan da ya rasa saboda korar. Ran 27 ga Maris 2002 Kotun Ƙoli ta soke wannan, alƙali biyar suka rinjayi huɗu, wai ba a biyan mutum ladan aikin da doka ta hana shi yi. Huɗun nan suka ce hukuncin zai ƙara wa masu gida kwaɗayin ɗaukar marasa takarda, tun da korarsu ba ta da tsada. Amma ƙofa ɗaya ta saura a buɗe. Kotuna sun tsaya a kan cewa ladan aikin da mutum ya riga ya yi da hannunsa tilas a biya shi, da takarda ko babu. Ta nan mafi yawan ƙararrakin da suka biyo baya suka bi.

Bayan faɗuwar dogayen benaye

Ran 11 ga Satumba 2001 'yan ta'adda suka rushe dogayen benaye biyu na Niyok da jiragen sama. A hawa na 106 da na 107 na ɗayansu akwai gidan abinci mai suna Windows on the World. Ma'aikatansa 73 suka mutu, mutanen ƙasashe da yawa, har da Gana da Bangaladash. Waɗanda ba su bakin aiki ran nan suka tsira da rai, amma ba sana'a. Cikin 2002 ɗaya daga cikinsu, Fekkak Mamdouh mutumin Maroko, da wata lauya 'yar Indiyawa, Saru Jayaraman, suka kafa cibiyar da a ke kira ROC. Sun lura gidajen abinci dubbai ne, ƙanana ne, ma'aikata kuma yau suna nan gobe suna can, saboda haka jiran ƙuri'a a kowane gida ba zai yi ba. Sai suka kama koya wa ma'aikata hakkinsu, da tattara shaida, da kai ƙara, da tsayawa a ƙofar mai taurin kai daidai lokacin da masu cin abinci ke shiga.

Cikin Maris 2007 aka kawo wa masu kai abinci gida-gida a kan keke na Saigon Grill, Sinawa daga lardin Fujiyan, wata takarda su sa hannu, wai ana biyansu cikakken lada. Suka ƙi, aka kore su duka. A kotu ta bayyana ladansu bai kai dala 2 a awa ba, suna aiki har awa 13 a rana, ana kuma cin su tara ko don ƙofa ta bugu da ƙarfi, sai ka ce 1912 ce ta komo. Cikin Oktoba 2008 alƙali Michael Dolinger ya yanke a biya mutum 36 dala miliyan 4 da dubu 600. Amma yanke hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Masu gida da yawa in shari'a ta kama su sai su rufe gidan, su mai da dukiyar sunan dangi, su buɗe wani da sabon suna.

Cikin 2008 waɗansu masana suka tambayi ƙananan ma'aikata 4,387 a Niyok da Shikago da Los Anjalas. Suka tarar 26 cikin ɗari an biya su ƙasa da abin da doka ta yanka a makon da ya wuce. Cikin waɗanda suka yi ƙorafi ko suka nemi kafa jam'iyya, 43 cikin ɗari an rama musu, ko da kora, ko da rage aiki, ko da barazanar kiran ofishin shige da fice. Jihar Niyok ta yi doka wadda ta fara aiki cikin Afrilu 2011, ta ce a rubuta wa kowane ma'aikaci ladansa ran da aka ɗauke shi, wanda ya ci ladan wani kuma ya biya ninki biyu. Cikin 2018 dokar tarayya ta hana mai gida da manaja taɓa tukuici. Cikin 2019 jihar ta rubuta a fili cewa tsorata ma'aikaci da ofishin shige da fice ramuwa ce mai horo, cikin 2023 kuma ta sa cin ladan ma'aikaci cikin laifuffukan sata.

Mutanen Afirka ta Yamma ma suna cikin labarin nan, akwai kuwa masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Nijeriya a unguwannin Bronx da Harlem. Cikin 2003 wata kotun tarayya ta duba ƙarar masu kai kaya gida-gida daga manyan kantuna, mafi yawansu 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda a ke ba dala 20 zuwa 30 a yini, wai su ba ma'aikata ba ne, 'yan kwangila ne. Kotu ta ce ma'aikata ne, dokar lada ta hau kansu. Wannan dabara ta sake fitowa da kamfanonin da a ke yi wa odar abinci ta wayar hannu. Masu kai musu abinci a birnin sun fi 60,000, suka haɗa kai, cikin Disamba 2023 hukumar birnin ta fara tilasta a biya su dala 17 da senti 96 a awa, ban da tukuici.

Wanda ya duba tarihin nan zai ga ba dokar da ta sauko don kanta, kowace sai da waɗansu suka rasa aikinsu kafin a rubuta ta. Zai kuma ga doka ba ta amfani sai wanda aka cuta ya iya buɗe baki. Cikin Janairu 2023 gwamnatin tarayya ta fitar da wani tsari na jinkirta korar baƙon da ke ba da shaida a rigimar aiki, amma tsarin ofis ne, ba dokar majalisa ba, abin da wata gwamnati ta shimfiɗa kuwa wata tana iya naɗewa. Muddin kai ƙara na iya jawo wa mutum jirgin komawa gida, mai gida marar tsoron Allah yana riƙe da sandar da ta fi ta alƙali tsawo.

Saboda haka in kana da ɗa ko ƙane mai niyyar ƙetare teku ya yi irin wannan aiki, ka gaya masa ya nemi abokan aikinsa tun kafin rigima ta taso, ko da ba harshensu ɗaya ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya kuma sami ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin da ya kama aiki, da lokacin da ya tashi, da abin da aka ba shi kowace rana. Tun 1946 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce in mai gida bai ajiye lissafin gaskiya ba, alƙali yana iya karɓar na ma'aikaci.